Gaisuwar da Ta Kusa Kashe Mala Kyari

Kakata Yagana ba ta taɓa taka ƙofar gidan silima ba, amma har yau ban ga mai sharhin fim kamarta ba. Gidanmu a Fagge yake, ba nisa da wani gidan silima, in iska ta juyo har kiɗan Indiya muke ji a tsakar gida. Yayyena su saci jiki su je kallo, washegari su zo suna ba da labari da hannu da ƙafa, ita kuwa tana zaune tana saurare kamar alƙali. In sun gama sai ta ce, "To shi wannan jarumin naku, tun daga farko har ƙarshe ba wanda ya zolaye shi? Ashe ba shi da aboki. Ku rabu da shi, maraya ne."

Abin da ya tuno mini da ita kwanan baya shi ne abokina Buba. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi a shagonsa na fanka da rediyo a Kasuwar Sabon Gari. Likita ya ce in zai riƙa ƙoƙarin magana da motsa jiki zai samu sauƙi sosai, amma Buba ya ƙi. Ya bar magana, ya bar fita, yana ta ramewa a kan gado muna kallo. Ni na san tun muna yara aka faɗa mana maganin irin wannan kwanciya, ni da shi a kan tabarma ɗaya, amma sai da wani fim da wasu samari suka haɗa ya zo sannan na tuna.

Daga Borno aka kawo Kaka tana amarya, kakanmu yana fataucin kanwa da huluna. Ta tsufa a Kano amma Hausarta ba ta taɓa rabuwa da ƙamshin Barebari ba, haka ma ɗakinta. Da an idar da sallar isha'i an ci tuwo, sai ta ɗebi garwashi daga murhu ta zuba a kasko, ta barbaɗa turaren wuta, ta zauna a bakin ƙofarta ta miƙe ƙafafu. Wannan hayaƙin shi ne kiranmu. Yaran gidan da na maƙwabta mu taru mu kewaye kaskon, kowa na ture ɗan'uwansa don ya samu wajen da ya fi ɗumi. Ta kan ajiye ɗan kwano na soyayyar gyaɗa a gefenta, ba ta rabawa sai labari ya kai tsakiya, don kada wani ya cika ciki ya yi barci.

Buba ɗan lungun bayanmu ne, mahaifinsa malamin makaranta, Fulanin gari ne masu yawan kunya. Ranar da ya fara biyo ni, Kaka ta ɗaga kai ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Wa ya bar ƙofa a buɗe har ɗan Fulani ya shigo? Maza ku ɓoye nono." Buba ya fashe da kuka ya ruga gida. Ashe can mahaifiyarsa dariya ta yi, ta gaya masa ai wasa ne da ke tsakanin Fulani da Barebari tun kaka da kakanni, ta kuma koya masa abin da zai ce. Washegari sai ga shi ya dawo, ya tsaya a gaban Kaka ya ce, "Na zo duba bayin babana ne." Kaka ta yi dariya har tana share hawaye da gefen mayafi. Daga ranar shi ne mai zama a hannun damanta, kuma gyaɗarsa ta fi ta kowa yawa, abin da ya daɗe yana ƙona mini rai.

Sauran tsofaffin unguwa suna da yadda suke buɗe tatsuniya, ita nata daban ne. Sai ta ce, "Na tsinto wata a hanyar Borno, ta yi mini nauyi, wa zai sauke ni?" Mu haɗa baki mu ce, "Mun sauke ki, Kaka." A cikin duk waɗanda ta sauke mana, wadda muka fi roƙon a maimaita ita ce ta Mala Kyari da Jauro.

Wai a wani gari akwai wani falke Babarbare, Mala Kyari, wato Malam Kyari a bakin Barebari, yana kawo kanwa a kan jakuna, da wani makiyayi Bafulatani, Jauro, mai sayen kanwar don shanunsa. Tun suna samari suke tare. In sun haɗu ranar kasuwa, ciniki tsayawa yake. Kyari ya ce, "Ga bawana nan ya iso, siriri kamar sandarsa. Saniya ta fi shi wayo, shi ya sa kullum yana bayanta." Jauro ya ce, "Gara ni saniya nake bi. Kai jaki ne jagoranka." Baƙi su zaci faɗa ne su taso rabo, sai su tarar da su suna shan fura a ƙwarya ɗaya.

Ana nan sai Kyari ya faɗo daga kan rumbu yana gyaran jinka, ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Aka kwantar da shi. Mutanen gari suka yi ta zuwa dubiya, kowa da 'yar ƙaramar murya. Kyari na amsawa, yana cin abincinsa, yana cewa ai tashi zai yi, bari dai bawansa ya dawo daga kiwo ya ga yadda zai yi masa dariya. Da Jauro ya dawo ya ji labari, ya taho da sauri. Matar Kyari ta tare shi a zaure ta ce, "Don Allah Jauro, yau ba ranar wasa ba ce." Jauro mutum ne mai kunya. Ya tuɓe takalmi, ya jingine sanda, ya shiga ya durƙusa a gaban gado.

A nan Kaka kan sunkuyar da kai, ta maƙale murya, ta yi irin ta Jauro: "Sannu Mala. Yaya jiki? Allah ya ba da lafiya." Sai ta bar mu muna kallon garwashi.

Kyari ya daɗe yana duban abokinsa. Can ya ce wa matarsa, "Aika a kira mini liman, a kuma auno likkafani." Ta ce, "Subhanallahi, me ya faru?" Ya ce, "Masu magani sun gaya muku abin da kuka ɓoye mini. Tunda Bafulatani ya durƙusa ya kira ni Mala, ai tawa ta ƙare." Daga ranar ya juya fuska bango, ya bar cin abinci.

Jauro ya koma ruga zuciya ba daɗi. Da aka aiko masa cewa Kyari ya yi kwana da kwanaki bai sa komai a baki ba, sai ya saɓa igiya a kafaɗa ya nufo gari. Wannan karon bai tsaya a zaure ba. Ya wuce tsakar gida ya ɗaga murya, "Ina jakunan? An ce bawana ya kusa, bawa kuwa in ya mutu dukiyarsa ta ubangidansa ce. Gara in kwance abina tun yanzu kafin a ramar mini da su." Ya kama babban jakin ya fara kwancewa. Sai aka ji murya daga ɗaki, "Wane ɓarawo ne a turkena?" Kafin a ankara Kyari ya jawo jiki da gwiwar hannu har bakin ƙofa, ido jajir, yana cewa, "Ko gawata ta fi ƙarfinka, ɗan mai tallan nono! Ke, kawo mini tuwo in samu ƙarfin zagin wannan."

Mu yi ta birgima a kan tabarma. Wata rana ƙanwata ta ce, "Kaka, daga nan sai ya warke?" Kaka ta ce, "Wa ya ce miki ya warke? Ƙafa ba ta dawo ba har ya koma ga Allah. Amma ya yi shekaru masu yawa. Ranar kasuwa a ɗora shi a kan jakin nan, Jauro na jan igiya, shi yana zaginsa tun daga gida har rumfa." Ta karkaɗe zani ta ce, "Can na baro su, ko goro ba su ba ni ba. Kowa ya tashi ya kwanta."

Mu a lokacin abin da muka ɗauka a labarin shi ne Fulani na satar jaki. Na yi shekaru ina kiran Buba ɓarawon jaki, shi kuma yana kirana bawansa. Muka girma a haka. Ni na zama malamin Hausa a sakandare, shi ya shiga kasuwa. Ranar ɗaurin aurena shi ne babban aboki, ya tsaya a gaban dangin amarya ya ce a yi haƙuri da ni, jiya-jiya ya 'yanta ni, ban gama sanin zaman mutane ba. Muna da majalisa a ƙofar wani shagon tela a Fagge, in ya taso daga kasuwa nan yake fara tsayawa. Duk wanda ya zauna tare da mu ya san ba ma tashi sai an ci mutuncin wani.

Ranar da aka sallamo Buba daga asibiti na tafi da zolayata a baki, na shirya ta tun daga gida. Babban ɗansa Aminu, wanda ke kasuwanci a kasuwar Singa, ya tare ni a ƙofar falo. Yaro ne mai ladabi, idonsa ya faɗa don rashin barci. Ya ce, "Baba Modu, don Allah a ɗan sassauta wasan nan. An ce kada a ɓata masa rai." Na leƙa na ga Buba, hannun dama a lanƙwashe a ƙirji, baki ya karkace, miyau na zuba ana share masa. Wasan ya gudu da kansa. Na zauna a bakin gado na ce, "Sannu Buba. Yaya jiki? Allah ya ƙara sauƙi." Ya dube ni, ya rufe ido.

Haka muka yi watanni. Kusan kullum ina zuwa, zumunci a ƙafa yake. In kai lemo da ayaba, in yi sannu, in yi addu'a, in ba shi labarin gari a hankali kamar mai magana da jariri. Ko sau ɗaya bai ce mini uffan ba. Mai gashin ƙashi ya zo ya gaji ya tafi. Na kan fito daga gidan in tsaya a bakin titi ina jin kamar na baro wani baƙo, ba Buba ba, kuma abin yana yi mini ciwo ƙwarai.

Ana cikin haka wani tsohon ɗalibina, Nura, ya same ni. Shi da abokansa sun haɗa fim da ƙarfin kansu, ba kamfani ba ubangida, da kyamarar aro. Ya ce, "Malam, so nake ka duba mana ka faɗi gaskiya kafin mu sa shi a intanet." Na ce ya ɗauko kwamfutarsa bayan la'asar mu je gidan wani abokina mu kalla tare, ko ya ɗebe masa kewa. Aka jingina Buba da matashi, aka ɗora kwamfuta a kan kujera, Aminu ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa.

Fim ɗin labarin abokai biyu ne, tela da direban Adaidaita. Ba waƙa ba rawa, kuma ban ji kewarsu ba. Yana da aibi irin na mai ƙaramin ƙarfi: wani wajen ƙarar janareto ta fi muryar 'yan wasa, wani wajen duhu ya sa sai ka matso. Amma yaran nan sun san yadda maza ke zama a bakin shago. Telan maƙaryaci ne na ƙin ƙarawa, kowa ya zo karɓar ɗinki sai ya ce gobe. Direban kuwa ba ya sayen kaya, in zai je biki sai ya zari na mutane da ke rataye a shagon. Akwai inda ya sa babbar rigar wani Alhaji ya tafi ɗaurin aure, ya zauna a sahun gaba, ashe mai rigar ne a gefensa. Alhajin ya yi ta shafa aikin wuyan yana cewa, "Ikon Allah, irin wannan na ba da tun kafin azumi." Direban ya ce, "Ai telolin yanzu ba su da tsoron Allah, Alhaji." Na yi dariya har na sarƙe. Da na waiwaya sai na ga kafaɗar Buba ta hagu tana girgiza.

Daga tsakiya labarin ya juya. Idon telan ya fara mutuwa, yana ɓoyewa, har ranar da direban ya same shi yana ta kai zare gefen allura. Wannan wajen ya yi kyau, ba wanda ya ce komai, kuma ya taɓa ni. Amma daga nan sai direban ya zama wani mutum daban. Ya bar tsokana, ya bar satar riguna, yana tafiya a hankali yana riƙe hannun telan. Aka sako wani kiɗa mai sa tausayi. A ƙarshe ya durƙusa a gaban keken ɗinki ya yi dogon jawabi, wai abokina kai ne ɗan'uwana, ba zan taɓa barinka ba, suka rungume juna suna kuka.

Sai muka ji an bugi katifa. Buba ne da hannun hagu. Bakinsa na motsi, jijiyar wuya ta tashi. Da ƙyar kalmar ta fito.

"Ƙar... ya."

Nura ya tsayar da fim ɗin, ya ce, "Alhaji, wane wajen?"

Buba ya nuna direban da ke durƙushe a fuskar kwamfuta. Sannan ya juyo da yatsan a hankali ya tsayar da shi a kaina.

"Duk... ɗaya." Ya huta, ya sake tattaro ƙarfi. "Yagana... da tana nan... da ta... mare ka."

Wallahi sai na ji kamar ƙamshin turaren nan ya cika ɗakin. Watanni ina durƙusa wa Bafulatani ina yi masa sannu, shi kuwa yana kwance yana fassara sannun yadda aka koya mana tun muna yara. Bai ɗauka ladabi nake yi ba, ya ɗauka likita ya gaya mana abin da muka ɓoye masa.

Na miƙe na dubi ɗakin. A saman durowa akwai hulunansa a jere, har da wata zanna mai ruwan toka da yake ji da ita, sai Juma'a yake sa ta. Na cire tawa, na ɗauko ta na kafa a kai, na karkata ta. Na ce, "Dama wannan aikin Barebari ne, ba ta taɓa dacewa da ƙoƙon kan Bafulatani ba. Tunda ka zama ɗan ɗaka, me za ka yi da hula? Kallabi ya kamata a saya maka."

Aminu ya yunƙura, "Baba Modu..."

"A... je!" in ji Buba. "Ɓara... wo. Bawa... ba ya... sa hular... ubangida."

Aminu ya koma ya zauna, baki buɗe. Tun da aka dawo daga asibiti bai ji mahaifinsa ya jera kalmomi haka ba. Na ce, "In kana son abarka, ka san inda majalisa take." Na sa kai na fita da hular mutane, Nura na biye da ni da kwamfuta a hammata. Sai da muka kai bakin titi na tsaya na share idona, na ce masa hayaƙin mota ne.

A nan tsaye na ba shi sharhin da ya nema. Na ce rabin farko ya yi, kada ya taɓa shi, sai dai a gyara sauti. Wajen allura kuwa ko manya sai haka. Amma ƙarshen nan ba na mutanen da ya nuna mana ba ne, daga wani fim ya aro shi. Direban nan ba zai durƙusa ba. Zai karɓi allurar ya zura zaren, ya ce dama da idon ma ɗinkinka karkatacce ne. Nura ya sosa kai ya ce, "Malam, mutane suna son su yi kuka a ƙarshe." Na ce, "Za su yi, har ya fi wanda ka shirya musu." Ya ce zai yi shawara da abokansa. Fim nasu ne, ban matsa ba.

Ba a yi mako ba sai ga Aminu ya turo mahaifinsa a keken marasa lafiya har ƙofar shagon tela, kai ba hula, wai ya rantse ba zai sa wata ba sai tasa. Majalisa ta miƙe za a fara sannu-sannu, na riga kowa na ce, "Ku matsa wa ɓarawon jaki, yau a kan nasa jakin ya zo." Tun daga ranar yake fitowa. Ya yarda mai gashin ƙashi ya dawo, yana cin abinci, har ya fara takawa da sanda daga gado zuwa ƙofa. Hannun dama dai bai dawo ba, kuma likita bai yi alkawarin zai dawo ba.

Na daɗe ina juya abin a raina. Dubiya ibada ce, sannu kuma kalma ce mai kyau, Aminu ma ƙauna ce ta sa ya tare ni a ƙofa. Daga bakin kowa sannu magani ce. Amma kowane mutum yana da wani guda ɗaya wanda a wajensa yake auna ko har yanzu shi ne shi. In wannan ya sassauta murya, to an gaya masa an cire shi daga sahun maza, saura jira. Ina ganin abin da Kaka ke nufi ke nan da take kiran jarumin da ba a zolaya maraya. Mu muna dariyar jaki, ita tana koya mana yadda ake riƙe mutum in ya faɗi.

Yanzu kusan kullum bayan la'asar muna tare, kuma raina a kwance yake. Harshensa har yau da nauyi. Zagin da a da yake yi mini a numfashi ɗaya, yanzu sai ya kama shi gaɓa-gaɓa, ya tsaya, ya haɗiyi miyau, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Sau da yawa na san kalmar da yake nema tun kafin ya kai rabi, wani a majalisa ma har ya buɗe baki zai taya shi, in daka masa harara. Ba na ƙarasa masa, ba na kuma kau da kai. Ina gyara zama ne in dube shi ido cikin ido, in jira ya gama zagina.